Daraktar Aro

Idan ka shiga kwalejin 'yan mata da Alhaji Hachimou ya gina a unguwar Guéma ta Parakou, ƙofa ta biyu a hannun dama an manna mata sunan ƙanwarsa, Madam Bilkissou, daraktar karatu. Ita doka ta ɗora wa alhakin ingancin duk abin da ake koya wa ɗalibai a wurin, 'yan matan da iyayensu suka kawo don su koyi aikin gwajin jini na asibiti. An ce ofis ne mai kyau, har da fanka da labule. Sai dai mai ofishin ba ta ciki. Tana Djougou, katanga ɗaya ce tsakanina da ita, kuma kusan kullum da hantsi ina jin ƙarar bokitinta tana wanke zannuwan da mahaifiyarsu ta ɓata.

Shanyewar ɓarin jiki ta kama Inna Iyatu a watan da aka buɗe kwalejin. Bilkissou ta zo daga Parakou da 'yar jakarta don ta duba jikin. Aurenta bai daɗe da mutuwa ba, ba ta da ɗa, sai dangi suka dube ta suka ga ai ga mai jinya Allah ya kawo har gida. Iyakar tarihin ke nan. Takardar digirinta na biyu kuwa tana can Parakou a rataye, domin da ita Hachimou ya samu izinin buɗe makaranta, shi da bai san komai ba sai harkar manyan motoci da siminti.

Ba wai ba ta zuwa kwalejin ba ne ɗungum. Tana zuwa, amma sai ranar da masu duba ingancin makarantu suka aiko cewa suna tafe. Ranar sai ka ga motar Alhaji a ƙofar gida tun rana ba ta yi zafi ba, matarsa ta fito da hankici mai turare a hanci ta karɓi jinyar wuni ɗaya, Bilkissou ta ɗaura zanen da aka aiko mata ta shiga. Kafin su isa Guéma sai direba ya ratse wani ƙaramin asibitin abokin Alhaji, a ɗauko madubin duba ƙwayoyin cuta, mikroskof, guda nawa ne ma, a jera a bayan mota cikin kwalaye. Da darakta da kayan aiki mota ɗaya ke kawo su, kuma mota ɗaya ke mayar da su kafin magariba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda take son ranakun nan. Takan dawo da haske a fuska kamar wadda ta je gidan biki. Ta ba ni labarin wata ziyara da aka ce ta koyar a gaban baƙi don su ga irin darasin da ake yi. Ta ce tana riƙe alli sai ta manta da baƙin, ta manta da Yaya Hachimou da ke tsaye bakin taga yana murmushin dole. Ta soki yatsarta, ta shafa ɗigon jini a gilashi, ta sa launi, ta kira ɗalibai ɗaya bayan ɗaya su leƙa. 'Yan mata masu shekara biyu a makaranta suna rufe ido ɗaya suna laluben madubi, ita kuma tana gyara musu hannu a hankali don kada baƙi su lura cewa yau suka fara taɓa shi.

Baƙin sun yaba, sun sha lemo, sun tafi. Ana cikin mayar da kaya kwali sai wata ɗaliba mai suna Kadidjatou, 'yar wani manomin doya daga Kolokondé, ta tare ta a baranda.

"Madam, gobe ma za mu yi?"

Bilkissou ta ce ba gobe ba.

"To yaushe? Ni ban gama gani ba. Aka ce in matsa wa ta bayana."

Sai Bilkissou ta karɓi lambar wayar yarinyar. A mota ta yi wa yayanta magana, domin ranar ya biyo su zuwa Djougou gaishe da Inna. Ta ce masa yaran ba su iya komai ba, malaman da ya ɗauko karatun littafi kawai suke musu, aikin nan kuwa na hannu ne da ido, wanda bai iya ba zai iya ce wa mai zazzaɓin sauro lafiyarsa lau. Ta roƙe shi ya sayi madubi ko biyu ne, ya bar ta ta riƙa zuwa tsakiyar mako. Alhaji ya ce maganarta gaskiya ce, shi ma abin yana ransa, amma makaranta jaririya ce, ba a ɗora wa jariri kaya. Kuma Inna fa? Ya juyo ya dube ta da idon nan nasa na babban wa, ya ce ko tana so a ce 'ya'yan Alhaji Abubakar Sadiƙ sun yar da uwarsu saboda alli da allo. A haka suka shigo gari.

Hanyoyin da ta kawo suna da yawa, kuma kowace ya san inda zai toshe ta. Ta ce a ɗauko Inna a kai ta Parakou, ta riƙa jinya da koyarwa tare. Ya ce Inna ba ta barin ɗakin da mijinta ya bar ta, gidansa kuma bene ne. Ta ce a samo mace mai hankali a riƙa biyanta. Ya ce a gidansu ba a taɓa yin bare ta ga tsiraicin uwa ba, tun zamanin kakanni masu fataucin goro. Ta ce to matarsa ta riƙa karɓarta ko na kwana biyu, tunda tana iya wuni ɗaya. Ya ce hawan jini gare ta, likita ya hana ta ɗaga abu mai nauyi. Da ta kai kuka wurin kawunsu, dattijo ya gyara zama ya yi mata wa'azin haƙƙin iyaye, ya ce ai ita ce mai riba, 'yan'uwanta maza suna can suna tara na duniya ita tana tara na lahira. Ban taɓa jin cikin mazan wani ya nemi a yi musanye ba.

Da ta ga haka sai ta koma koyarwa ta waya. Kadidjatou ta tara 'yan ajinsu a zaure ɗaya na WhatsApp. Bayan azahar, idan Inna ta samu barci, Bilkissou takan zauna gindin bishiyar mangwaron tsakar gida ta riƙa aika saƙon murya da Faransanci, tana zane a takarda tana ɗaukar hoto. Nakan ji ta ta kan katanga, muryarta ta canja, ta zama ta mai abin faɗa. Yara suna aiko tambayoyi, tana amsawa tana dariya. Ba a daɗe ba labari ya kai kunnen Alhaji. Ya kira ta ya ce ta rufa masa asiri ta daina. Daraktar da take ofis me zai sa ta koyar ta waya? Saƙo ɗaya ya faɗa hannun da bai dace ba, an gane ba ta Parakou, an rufe makaranta, yaran da take tausayi su ne za su fara shiga uku. A can kuma aka tara ɗalibai aka ce duk wadda aka sake kamawa a zauren ta haɗa kayanta. Zauren ya mutu a mako guda.

Daga nan jikinta ya fara ba da labari. Inna mace ce mai jiki, kuma sai an juya ta sau da yawa a wuni don kada bayanta ya yi gyambo. Bilkissou ita kaɗai ke ɗagawa, ita ke kai ta bayan gida, ita ke mayarwa. Ƙugunta ya riƙe, ta koma sallah a zaune tana da shekara talatin da 'yan kai. Ni da nake sayar da wagashi, cukun nan na nonon shanu, nakan leƙa in kama mata idan kasuwa ta bar ni, amma taimakon maƙwabci yayyafi ne, ba ya cika randa. Alhaji yana aiko buhun shinkafa da magani a kan lokaci, wannan ba zan yi masa ƙarya ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ga buhun a jingine ya sa masa albarka.

A ƙarshen shekarar karatu Alhaji ya zo da kansa, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya zauna a tabarma kusa da gadon Inna, ya fito da takardun shaidar cewa kowace ɗaliba ta kammala aikin gwaji na hannu, ya ce darakta za ta sa hannu don a tura su asibitoci koyon aiki. Ina wurin, na kawo kunu. Bilkissou ta ce ba za ta sa ba, domin ba su yi ba.

"Bon, shi ke nan," in ji Alhaji. "Kar ki sa. Sai in koma in ce musu shekararsu ta tafi a banza. Ke za ki gaya wa uban yarinyar nan ta Kolokondé, ko ni?"

"Yaya, jinin mutane za a ba su su duba."

"A asibitin za su koya. Kowa a can yake koya. Ke dai kin cika tsanani."

Inna tana jin su. Bakinta a karkace yake, magana da ƙyar take fita, amma ta fita. Ta ce, "Sa masa hannu, Bilki. Yayanki ne." Bilkissou ta dubi uwarta, ta dubi takardun, ta karɓi biron. Ta sa hannu a kansu ɗaya bayan ɗaya. Da ya tafi ta shiga bayan ɗaki ta daɗe, ta fito ta ci gaba da wanki.

Zanen aro ba ya rufe katara. Aka rarraba 'yan mata asibitoci, Kadidjatou ta faɗa hannun wani shugaban ɗakin gwaji da ba ya wasa da aiki. Ya miƙa mata gilashin jini ya ce ta duba, ta tsaya tana juya madubi ta kasa ko daidaita shi. Ya gwada ɗaliba ta biyu da aka turo tare da ita, haka. Ya tambaye su sau nawa suka taɓa yi, yarinya ba ta iya ƙarya ba ta faɗa. Mutumin ya kai rahoto. Wannan karon masu dubawa ba su aiko ba, sai ganinsu aka yi. Suka tarar da ɗakin gwaji babu komai sai tebura da famfo, ofishin darakta a kulle, makullin ma sai da aka neme shi.

Aka kira su zaman bincike a Parakou. Motar ta zo kamar kullum, amma ba a ratse ko'ina ba. A hanya Alhaji ya yi ta lallashi, ya ce ta bar masa magana, ya san yadda ake bi da mutanen nan. A gaban kwamiti kuwa ya miƙe da babbar rigarsa ya ce shi ɗan kasuwa ne, kishin ilimin mata ya sa ya zuba dukiyarsa, bai san bambancin mikroskof da injin niƙa ba. Saboda haka ya ɗauko masaniya, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ya damƙa mata komai. Idan an yi sakaci, shi ma yau yake ji. Har da share ido.

Bilkissou ce ta ba ni labarin zaman. Da aka ba ta dama ta faɗi gaskiya tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba: jinya, mota, kwalaye, saƙon waya da aka hana. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai gilashi, ta saurare ta har ƙarshe, kuma da alama ta yarda. Sannan ta tura mata takardun nan gabanta.

"Madame, wannan sa hannunki ne?"

"Nawa ne."

"Kin san ba su yi aikin ba lokacin da kika sa?"

"Na sani."

Matar ta cire gilashinta ta murza ido. Ta ce abin da ya faru a cikin gidansu ba ya cikin abin da doka ta ba su ikon dubawa. Su suna duba wanda ya ɗauki alhaki ne, kuma sunan da ke wurin ɗaya ne. Aka soke izinin Bilkissou na koyarwa da na shugabantar kowace makaranta. Ɗaliban za su maimaita shekara. Kwalejin kuma, don kada a watsa yara, aka ba ta wa'adi ta sayi kayan aiki ta kawo sabon darakta mai takardar da ta dace.

A bakin ƙofa ta ga Kadidjatou a tsaye cikin 'yan kallo. Yarinyar ba ta gaishe ta ba. Ta ce, "Madam, da kin ƙi sa hannu, da tun bara muka sani." Ta juya ta tafi. Daga baya muka ji ubanta ya ce ba shi da ƙarfin wata shekarar, ta koma Kolokondé.

A Djougou labari ya riga ta isowa, kuma ya iso a gyare. Cewa ake Bilkissou ta yi wasa da amanar yayanta, ta kusa rushe masa makaranta, sannan ta tsaya gaban hukuma tana tona asirin gida. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi wa dangi zafi. Kawu ya aiko a gaya mata ta nemi gafarar Alhaji. Mata a gidan suna suka riƙa cewa boko idan ya yi wa mace yawa haka yake. Alhaji kuwa ya nuna shi babba ne, ya ce ya yafe, jini ba ya zama ruwa, kuma bai fasa aiko shinkafa ba. Inna ta daina yi mata magana na wani lokaci, tana karɓar abinci daga hannunta tana kau da kai.

Ni na ga yadda ta koma. Ta daina zama gindin mangwaro. Littattafanta da ke kan taga ta zuba a buhu ta tura ƙarƙashin gado. Idan na ce mata ta ɗaukaka ƙara, sai ta ce da wane lokaci, wa zai riƙe Inna, kuma me za ta ce, ba ita ta sa hannu ba? Ba ta kuka a gabana. Na fi son a ce tana yi.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga motar Alhaji. Ya shigo da fara'a, bayansa wata budurwa da akwati, Zakiyya, 'yar ƙanin babansu, wadda ta gama karatu a Cotonou kwanan nan da kuɗin Alhaji. Ya ce ya daɗe yana tunanin ciwon bayan Bilkissou, bai kamata a bar ta ita kaɗai ba, ga 'yar'uwa ya kawo ta zauna ta taya ta. Wallahi na ga fuskar Bilkissou ta saki. Shekaru tana roƙon hannu na biyu. Ta rungume yarinyar, ta karɓi akwatin da kanta duk da ƙugun, ta shiga gyara mata shimfiɗa.

Sai da Alhaji ya tashi tafiya ya tsaya a zaure ya kira Zakiyya. Ta buɗe jakar hannunta ta ciro wata takarda mai kauri a cikin leda ta miƙa masa da hannu biyu. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya sa a hammata ya fita. Bilkissou tana tsaye bakin ɗaki da matashin kai a hannu, ta ga komai.

Da motar ta tashi ta tambayi yarinyar me ta karanta. Zakiyya ta ce ilimin ƙwayoyin cuta, digiri na biyu. Ta ce Yaya ya ba ta daraktar karatu, ofis ma ana yi masa sabon fenti, kafin a gama ne ya ce ta ɗan zauna nan ta samu albarkar Inna.

Bilkissou ta zaunar da ita ta gaya mata komai, a hankali, ba zagi ba ƙari. Ta ce ta bi motar haya yau ɗin nan ta karɓo takardarta, ko ta tsaya a kan sai ta zauna a Parakou ta ga kayan aiki da idonta. Yarinyar ta saurara da ladabi, kanta a ƙasa. Da ta ɗago sai ta yi ɗan murmushin tausayi.

"Yaya ya ce za ki faɗi haka, Anti. Ya ce kar in ji haushinki, abin da ya same ki ne yake miki ciwo."

Ni da ke zaune na ji kamar in kama yarinyar in girgiza ta, amma da wane matsayi? Wanda ya biya mata kuɗin karatu ya yi magana, maƙwabciya mai wagashi za ta ƙaryata shi? Mutanen da suka zo daga nesa da motar hukuma sun auna tebur, sun ƙirga madubi, sun duba sa hannu, kuma aikinsu suka yi. Ba wanda aka ba aikin leƙa tsakar gidan da ake ajiye daraktoci.

Daga ɗaki Inna ta yi gurnanin da take yi idan ɓarin da take kwance a kai ya gaji. Suka tashi tare. Zakiyya ta riga ta isa gadon da zafin nama irin na sabon shiga, ta sunkuya ta cusa hannu ƙarƙashin tsohuwa za ta ɗaga.

"Tsaya," in ji Bilkissou. Ta dafa bango ta matso, ta kama hannun yarinyar ta gyara masa wuri. "Ba da baya ake ɗagawa ba. Lanƙwasa gwiwarki, ki matso da ita jikinki. Ki koya da kyau tun yau, za ki daɗe kina yi."